Ɗalibaina sun watse daga ajin intanet, Goggo kuma ta daina zama a shago

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gombe, 'ya'yana huɗu, shekarata tara ina ɗinki. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta koya mini tun ina budurwa, kuma tare muke koyar da mata a shagon da ke jikin gidanta, kekuna shida gare mu. Mata daga Kumo da Dukku da Bajoga suna yawan kirana suna son koyo, amma ba halin zuwa kullum. Sai ƙanena da ya gama karatun kwamfuta ya ce akwai manhajar da makarantu ke koyarwa da ita ta intanet, zai kafa mini in riƙa ba da kwas na mako shida. Na kwashi adashena naira dubu 350, muka biya hayar wurin ajiye manhajar na shekara guda, muka sayi fitila da maƙalin waya, muka biya yaron da ya gyara bidiyo. Na ɗauki bidiyo 18, kowanne kamar rabin awa. Mata 64 suka biya dubu biyar-biyar.

Makon farko 41 suka shiga. Yanzu muna mako na huɗu, tara kacal ke buɗewa. Wasu sun manta lambar sirri, wasu ba su da imel, wasu wayar ta maigida ce. Goma sha ɗaya suna neman kuɗinsu, ɗaya har ta kira ni 'yar damfara. Shekaranjiya na tsinci bidiyona yana yawo a wani guruf na WhatsApp, da fuskata a ciki. Abban yara da bai hana ni ba tun farko, yanzu ya ce ko in cire ko in bari gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Goggo. Ban shawarce ta ba, ranakun Lahadi da ba ta nan muka riƙa ɗauka a shagonta, kuma yankan wuyan da na nuna nata ne. Da ta ji, abin da ta ce kawai shi ne ɗinki ba a koyonsa a waya. Tun ranar ba ta sake zama a shago ba, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Ƙanena kuwa cewa yake, “Adda, ki ƙara kuɗi mu koma babban tsarin manhajar, wanda ya fi tsada, mu yi talla a Facebook.” Ba na barci, Anti. In rufe ne in mayar wa kowa kuɗinta, ko in ci gaba?

Mai ɗinki, daga Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya ba ki barci mai daɗi. Kafin komai ki ɗan tsaya a kan 64 ɗin nan. A wannan tsadar rayuwa, kowace ta ciro dubu biyar daga kuɗin cefane ko ribar ƙuli-ƙuli ta tura wa matar da wasunsu ba su taɓa gani ido da ido ba. Sunanki ne ya jawo su, da ɗinkinki da suka gani a jikin wata a gidan biki. Don haka ki cire wa ranki cewa wauta kika yi. Buƙatar tana nan, kin hango ta daidai, hanyar ce ta zo da gargada. Amsata ga tambayarki ta ƙarshe ita ce kada ki rufe, kada kuma ki ƙara ko kwabo. Akwai gyara tsakanin waɗannan biyun, kuma yawancinsa ba na kuɗi ba ne.

Kin ajiye maganar Goggo a ƙarshen wasiƙa, ni kuwa da ita zan fara, don na san ita ce ke hana ki runtsawa. Ki duba lamarin da idonta. Ita ta ɗora ki a kan keke, ta riƙe hannunki a kan almakashi, ta haƙura da yadin da kika ɓata kina koyo. Yankan wuyan nan wataƙila ta fi shekara ashirin tana gyara shi kaɗan-kaɗan har ya zama nata, ya zama abin da ake gane ɗinkinta da shi. Rana ɗaya sai ta ji a bakin mutane cewa an ɗauke shi a cikin shagonta, ranar da ba ta nan, an sayar wa mutanen da ba ta sani ba. Zaɓen ranar Lahadin nan ke ma kin san dalilinsa: kin ji a jikinki za ta ce a'a, sai kika kewaye ta. Wannan laifi ne, kuma naki ne, ba na ƙanenki ba. Na faɗa miki kai tsaye ne don yadda kika rubuta ya nuna kin riga kin sani, kina neman wanda zai furta ne kawai.

Ki je gare ta ke kaɗai. Kada ki tafi da ƙanenki, kada ki fara yi mata bayanin yadda manhaja ke aiki ko yadda duniya ta ci gaba. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, “Goggo, na ɗauki abinki ban nemi izini ba, na yi kuskure, ki yafe mini.” Daga nan ki yi shiru. Idan ta yi faɗa ki bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, faɗan ya fi shirun nan da take yi alheri. Idan kika ga abin ya yi nauyi, sai ki roƙi mahaifinki ko wani baffanki da take jin nauyinsa ya raka ki karo na biyu. Bayan ta huce, akwai haƙƙi na zahiri da za ki sauke. An yi aiki da shagonta da kekunanta da fasaharta, saboda haka tana da kaso a kuɗin da ya shigo, ki kai mata ko ba ta nema ba. Darasin wuyan kuma ki bar mata zaɓi: a bar shi da sunanta a kai, ko a cire. In ta ce a cire, ki cire ran nan ba gardama.

Maganarta kuwa, cewa ɗinki ba a koyonsa a waya, kada ki ɗauke ta a matsayin fushin tsohuwa kawai. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki tuna yadda take zaune a can ƙuryar shago tana sa maɓalli, ba ta ko ɗago kai ba, sai ta ce da ɗaliba, “Tsaya, zarenki na ƙasa zai cukurkuɗe, duba kwarkwaro.” Da kunne ta ji, daga ƙarar keken. Ki tuna yadda take zuwa ta bayan mutum ta dafa hannunsa na hagu don ya daina jan yadi, ya bar keke ya ja da kansa. Ko ta ɗauki rigar da kika yi awa uku a kanta, ta juya cikinta, ta miƙo miki reza ta ce ki farke hannun. Bidiyo yana nuna wa mutum yadda ake yi, amma ba ya ganin abin da mutumin ya yi, balle ya ce masa ya farke. To wannan ɓangaren da waya ba ta iyawa, shi ne wurin Goggo a sabon tsarinki. Ba sai ta tsaya gaban kyamara ba har abada. Zan dawo kan wannan.

Yanzu mu leƙa gidan ɗaya daga cikin matan da suka ɓace miki. Na daɗe ina koyar da ajin manya na yamma, na san yadda ranarsu take. Ta tashi tun asuba, ta shirya yara, ta yi wanki, ta ɗora na rana, ta ɗora na dare. Wayar da ke iya buɗe bidiyo tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa sai bayan isha'i. Ya dawo, cajin ya kusa ƙarewa, ba wuta tun jiya. Ta karɓa tana lallashin na goye, ta shiga, aka ce ta sa imel da lambar sirri. Imel ɗin wani yaro mai shagon caji ne ya buɗe wa maigida tun ranar da aka sayi wayar, ba wanda ya san lambarsa. A ce ma ta wuce nan, sai ta tarar da bidiyon rabin awa yana juyawa yana tsayawa. Bidiyo mai wannan tsawo yakan ci megabait 200 ko fiye, gwargwadon yadda aka ɗauke shi, ke kuma kina da 18, kusan gigabait huɗu ke nan in an kalli kowanne sau ɗaya tak. Mai koyon ɗinki kuwa sau ɗaya ba ya isarta. Ga shi tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, data ta zama abin da ake lissafi a kai kamar gawayi. Wannan baiwar Allah ba raina ki ta yi ba. Ta gwada sau biyu, ta ji kunyar tambaya, ta haƙura.

Kuma ki sani ba a kanki aka fara ba. Manyan jami'o'in Amurka biyu, Harvard da MIT, sun shekara da shekaru suna ba da kwasa-kwasai ta intanet, da ƙwararrun malamai da kayan aiki na gani na faɗa. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kusan uku ne kawai cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista suka kammala. Yawanci kyauta suke shiga, naki kuwa sun biya, amma darasin ɗaya ne: babban mutum mai hidima, in aka bar shi shi kaɗai da waya, ba mai tambayarsa ina aka kwana, sulalewa yake yi. Ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da karatunta ya dogara da intanet, tana da cibiyoyi a Gombe da Bauchi da sauran jihohi, inda ɗalibi zai je ya ga mutum, ya rubuta jarrabawa.

Saboda haka aikinki na wannan makon waya ce, amma kira. Ki sa ƙanenki ya fitar miki da rajistar manhajar. Irin waɗannan manhajoji suna rubuta wanda ya shiga, da ranar da ya shiga, da darasin da ya tsaya a kai, kuma a wurina wannan ne babban amfaninsu. Lissafinki ya nuna 23 ba su taɓa shiga ba sam, 32 sun shiga sun bari, tara suna nan. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, goma a rana, da muryarki, ba saƙon da za a tura wa kowa da kowa ba. Ki tambayi kowace abu uku: wayar wa take amfani da ita, yaushe take samun sarari, kuma tana da keken da za ta taɓa a kusa da ita? Tambayar ƙarshen nan ina jin za ta ba ki mamaki. Wadda ba ta da keke, ko bidiyonki ya buɗe garau, kallo kawai take yi. Ki rubuta amsoshin a littafi. Taran da suka dage kuma ki tambaye su yadda suke yi, domin a cikinsu za ki samu mataimakanki.

Goma sha ɗayan da ke neman kuɗinsu, ki ba su. Dubu 55 ne. Ki faɗa musu gyaran da za ki yi, ki ce wadda ke son ta jira ta ga sabon tsari ba za ta ƙara biyan komai ba, wadda kuma ta fi son kuɗinta ga shi. In babu a hannu gaba ɗaya, ki yanka musu rana, ki cika. Wadda ta kira ki 'yar damfara ki fara da ita, ki tura mata ba tare da ramuwar magana ba. Na san ya yi zafi. Amma kuɗin wadda ta biya ba ta koyi komai ba amana ne a hannunki har yanzu, kuma a gari irin Gombe labarin “ta mayar mini da kuɗina” yana tafiya nesa fiye da tallan Facebook.

To yaya sabon tsarin zai kasance? Ki ɗauki manhajar a matsayin kabad da rajista. Kabad, don tana ajiye darussa a jere, na ɗaya kafin na biyu, ba kamar guruf ɗin WhatsApp ba inda darasi ke nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Rajista, don tana gaya miki wa ya yi aiki wa bai yi ba. Koyarwar kanta tana hannunki da na Goggo. Ki datse bidiyoyin nan zuwa minti uku zuwa biyar, kowanne abu ɗaya tak: yadda ake awon kafaɗa, yadda ake zana wuya da alli a kan takardar siminti, yadda ake sa zif, yadda ake kalmasa. A rage musu nauyi yadda kowanne ba zai wuce megabait 15 ko 20 ba. Bayani mai tsawo ki yi shi da saƙon murya, wanda minti ɗayansa ba ya kai rabin megabait, kuma mace tana iya saurara tana tuƙa tuwo. Duk abin da za a rubuta a rubuta shi da Hausa, gajere.

Maganar shiga kuma, a daina ɗora wa ɗaliba nauyin buɗe asusu. Ƙanenki ya buɗe wa kowace da kansa, sunan shigarta ya zama lambar wayarta, a saita mata a wayar sau ɗaya a gabanki. Idan manhajar Moodle ce ya kafa miki, wadda wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kuma jami'o'i da yawa ke amfani da ita, to tana da manhajar waya da ke bari a sauke darussa a kalla ba tare da data ba. Sharaɗin shi ne a ɗora bidiyon a cikinta kai tsaye, domin wanda aka jingina daga YouTube ba ya saukuwa ta wannan hanyar. Tana kuma iya rufe darasi na gaba har sai an gama na baya, ta karɓi hoton aikin da ɗaliba ta ɗinka. Ki tambaye shi ko ya kunna waɗannan. Sau da yawa abin da ake cewa sai an sayi babban tsari, yana nan cikin wanda aka riga aka biya.

Sai ranar Asabar, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Duk mako a haɗu a shago. Kekuna shida ne, to a kasa su rukuni-rukuni, na safe da na bayan azahar. Kowace ta zo da abin da ta ɗinka a makon. Goggo ta zauna a kujerarta, a riƙa miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, ta juya ciki ta duba, ta ce wannan ya yi, wannan a farke. Ba mai wucewa mataki na gaba sai ta ce ya yi. Kin ga kin mayar mata da girmanta a gaban mutane, kuma kin ba ɗalibanki abin da ba su samu a bidiyo ba. A ranar ce kuma za a tura wa kowa darussan mako mai zuwa ta Xender ko a memori, ba data ko ta sisi. Na Kumo da Dukku da Bajoga, kuɗin mota kowane mako zai yi musu yawa. Ki nemi tela mace guda a kowane gari, mai keke biyu ko uku, ki riƙa ba ta wani abu su riƙa haɗuwa a gidanta, ke kuma ki ziyarce su sau ɗaya a wata, su zo Gombe sau biyu a duk kwas. Wannan zai fi kwanta wa mazajensu a rai ma, tunda gidan wata ce a unguwa da aka sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutum 64 sun yi wa mace ɗaya yawa. Zango na gaba kada ki ɗauki fiye da 20 ko 24, ki tsawaita shi zuwa mako goma, kuma ki faɗa wa kowa tun farko abin da za ta iya in ta gama: hijabi, zani da riga mai sauƙi, kayan yara. Mako shida ba ya mayar da mutum tela, kada a bar kowa da wannan zaton.

Abban yara yana da hujja, kuma abin da ya nema mai sauƙi ne. Ya ba ki dama tun farko, abin da ya gani daga baya ne ya sosa masa rai, kuma ko ke ba ki ji daɗin ganin fuskarki a guruf ɗin da ba ki sani ba. Mai koyon ɗinki hannu take buƙatar gani. A kafa wayar daga sama tana kallon tebur, a ga yadi da almakashi da yatsu, a ji muryarki. Hakan ma ya fi koyarwa, don allon waya ƙarami ne, duk inda fuska ta ci, aiki ne ya rasa. Ki cire tsofaffin bidiyoyin daga manhajar yau, ki zauna da shi ki nuna masa sabon guda ɗaya kafin ki ɗora, ki gaya masa tsarin Asabar da tafiyar wata-wata don ya san da su tun yanzu. Wanda ya riga ya fita kuwa, ki roƙi mai kula da guruf ɗin ta goge, amma kada ki sa rai za ki iya kamo shi duka. Duk abin da ido zai gani a waya ana iya kwafarsa, ba manhajar da ta toshe wannan ƙofar ruf. Abin yi shi ne a rubuta sunan shagonku da lambar kasuwanci a gefen kowane bidiyo, in ya yi yawo ya yi muku talla. Abin da ake biya dominsa, wato dubawa da gyara da zama a kan keke, ba ya turuwa ta WhatsApp.

A nan in ja kunnenki kan abu guda. Yadda kika ji zafin yawo da fuskarki, haka ɗalibanki za su ji. Lambobin wayar matan aure 64 suna hannunki da na ƙanenki. Kada a ba kowa, kada a sa hoton wata a talla sai da yardarta, hoton aiki kuma a ɗauki rigar a shimfiɗe ba a jikin mai ita ba. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma tun kafin doka addini ya riga ya hana.

Ƙanenki ba mugunta ya yi ba. Yaro ne da ya fito da ilimi yana ɗokin ya ga ya yi wa Addarsa amfani, sai ya kawo miki tsarin da ya gani a jami'a, inda kowa ke da imel da waya tasa ta kansa. Yanzu da abin ya cije, yana neman magani a inda ya sani. Amma tulun da ke yoyo ba a ƙara masa ruwa, liƙe shi ake yi. Ki gode masa, ki ce talla da babban tsari sai bayan an yaye waɗannan. Ki gayyace shi Asabar ta farko ya zauna a bakin ƙofa yana saita wayoyi. In ya ga mace ta miƙo masa waya mai fasasshen gilashi wadda ba sauran wuri a cikinta, zai fahimci abin da bakinki ba zai iya fahimtar da shi ba. Ku kuma yi magana a fili kan ladansa, ko kaso ko wani abu duk wata, don aikin zumunci da ba a yanka masa lada ba shi ke kawo ƙorafi daga baya. Sannan asusun hayar manhajar da lambobin sirrinsa su kasance da sunanki, a rubuce a littafinki, da kwafin dukkan bidiyoyin a memori a hannunki. Gobe zai iya tafiya bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja.

Hayar shekara kin riga kin biya, ki more ta. Idan ta ƙare kika ga rajistar ba ta yi miki amfanin da ya kai kuɗinta ba, akwai hanyoyi masu araha. Google Classroom kyauta ce, sai dai kowace ɗaliba sai ta mallaki asusun Gmail, matsalar da kika riga kika sani. Akwai Kolibri, ita ma kyauta, an yi ta ne musamman don wuraren da ba intanet: a sa ta a kwamfuta ɗaya a shago, wayoyin da ke kusa su haɗu da ita su kalli darasi. Ko kuma ki koma guruf ɗin WhatsApp da ke kaɗai ke iya tura saƙo a ciki, da littafin rajista mai bango. Ga mutum 20, wannan ma ya isa, kuma ba faɗuwa ba ce.

Takardar shaida in za ki bayar, ki rubuta gaskiyar abin da take: shaidar halartar horo a shagonku, da sa hannunki da na Goggo. Kada a kira ta difloma. Wadda ke son takardar da gwamnati ta sani, ki nuna mata hanyar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa. Ke kanki in kina son shagon ya zama cibiyar horo da aka amince da ita nan gaba, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna ce ke kula da tsarin shaidar ƙwarewar sana'o'i na ƙasa. Wannan maganar baɗi ce, ba ta yanzu ba.

Na yanzu shi ne gobe bayan la'asar, lokacin da Goggo ta idar da salla tana zaune a tabarma. Ki bar wayar a gida. Ki riƙe mata ɗan goro ko turaren da take so, kason nata kuma ki bari sai zuwa na biyu, kada ta ga kamar sayen yafiya kika zo yi. Maganar Asabar ma kada ki tayar ranar, sai in ita ta tambaya me za ki yi da matan mutane da kika tara. In ta tambaya, ki ce mata kin rasa mai duba musu aiki. Ki rubuto mini bayan Asabar ta biyu, ina son in ji mata nawa suka zo, da riguna nawa ta sa aka farke.